Ranar Awon Yara: Yadda Za Ki Tsare Keken Jariri da Katin Rigakafi

'Yar'uwa, wannan darasi a kan kayan da kike zuwa da su asibiti ranar awon yara ne, musamman keken tura jariri, wanda masu jin Faransanci ke ce wa "puset". Wata za ta ce, me ya kawo maganar ɓarayi cikin littafin kiwon lafiya? Ga abin da ya kawo ta. Matar da aka ɗauke wa keke a ƙofar asibiti, sau da yawa ba ta dawowa wata mai zuwa. Wata maigida ne ya yi fushi ya hana ta fita. Wata aro ta yi, kunya ta hana ta sake bi ta layin mai keken. Wata kuwa katin yaron yana cikin aljihun keken, ya tafi tare da shi, tana tsoron a yi mata faɗa. Yaron da ya samu allura ta farko sai ya rasa ta biyu da ta uku. Wannan shi ne abin da ya dame mu, mu ma'aikatan jinya.

Ko ba ki da keken jariri, kada ki rufe littafin. Abin da zan faɗa ya shafi laimarki, da jakarki, da wayarki, da keken hawa na maigida in shi ya kawo ki. Kuma da yawa daga cikin masu zuwa Bangi daga ƙauye, ta hanyar Bowali ko Damara ko Mbaiki, a gidan 'yan'uwa suke sauka a Kilomita Biyar, a can ake ara musu keke domin zuwa asibiti. Kayan aro ya fi naka nauyi.

Me ya sa keken yake tsayawa a waje

Unguwar Kilomita Biyar, wadda ake rubutawa PK5, a nan babbar kasuwar Bangi take. Daga titin Boganda zuwa titin Kuduku da kewayen babban masallaci, mutane ne ke kai da kawowa tun safe: masu babur, masu tura amalanke, masu talla, baƙi da 'yan gari. Yawancin kayan da ake sayarwa daga Kamaru suke shigowa a manyan motoci, ta Garwa-Bulai da Buwar, shi ya sa kome mai ƙarfe da taya yake da tsada. Keken jariri, ko na gwanjo ne, ba ya rasa mai saye. In bai sayu a matsayin keke ba, tayoyinsa kaɗai kuɗi ne. Ga shi abu ne da aka yi shi domin a tura. Wanda ya kama hannunsa ya wuce da shi, ba mai kallonsa sau biyu, sai a ɗauka uban yaro ne ko yayansa.

Mu kuma ba mu barin a shiga da shi ɗakin awo, kuma ba wulaƙanci ba ne. Ɗakin ƙarami ne. Tayar da ta bi ta kwata da jar laka za ta taka inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Sannan dole hanya ta kasance a buɗe, domin in aka shigo da yaro yana jijjiga ko numfashinsa na sarƙewa, ba mu da lokacin janye kekuna daga ƙofa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ranar allura take cika maƙil. Maganin rigakafin tarin fuka da na ƙyanda a gari suke zuwa cikin 'yar kwalba, kwalba ɗaya ta yara da yawa ce. Da zarar an zuba masa ruwansa an haɗa, sa'a shida yake yi, bayan haka sai zubarwa. Domin kada a yi asarar magani, ake tara iyaye mata a rana ɗaya. Inda aka taru kuwa, kowa hankalinsa na kan ɗansa, nan mai ɗan hali yake samun dama.

Ki lura da lokutan da hankalinki yake barin kayanki. Lokacin da aka kira sunanki kika miƙe da sauri. Lokacin da kike tuɓe wa yaro riga za a ɗora shi a sikeli. Sai wanda ya fi duka, bayan an tsira masa allura yana tsala kuka, kina jijjiga shi kina neman inda za ki zauna ki ba shi nono. A wannan lokaci ko giwa ce ta wuce ta ƙofa, uwa ba za ta gan ta ba. Haka ya kamata uwa ta zama, ba laifinki ba ne. Saboda haka tsaron keke ba a barinsa ga idon uwa. Tun daga gida ake shirya shi.

Tambaya ta farko: kina bukatarsa yau?

Ra'ayina a nan a fili yake. In yaronki ɗaya ne, kuma lafiyarki ƙalau, zanen goyo da majanyi sun fi keke ranar awo. Goyo ba a ajiye shi a ƙofa. Yaro yana jin ɗumin jikinki, kina jin numfashinsa, in jikinsa ya yi zafi ke za ki fara sani. Hanyoyin cikin unguwa ramuka ne, da damina kuwa laka da ruwa kwance, keke yana girgiza kan jariri fiye da yadda kike zato. In kuma babur za ki hau, riƙe yaro da hannu ɗaya, naɗaɗɗen keke da ɗayan, haɗari ne babba. Kada ki yi.

Amma akwai waɗanda keke ya zame musu dole, kuma bai kamata a yi musu dariya ko a ce ƙwalisa suke yi ba. Mai tagwaye. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, ɗinkin bai gama warkewa ba. Mai ciki da ke ɗauke da wani yaron. Kakar da aka bar wa maraya, bayanta ba ya ɗaukar goyo. Uwar yaron da ya girma bai iya tafiya ba. Ku ne wannan darasi ya fi shafa. Ko da haka, ki zo da zanen goyonki, domin da shi za ki shiga ciki.

Abin da za ki yi tun daga gida

Ki sa wa keken alama. Kekunan da ake sayarwa a kasuwa da yawansu iri ɗaya ne, launi ɗaya. Alama biyu nake so ki yi. Ɗaya ta fili, wadda ake hangowa daga nesa: fenti mai haske a hannun keken, ko sunan yaro da manyan baƙaƙe a bayan kujerar. Ƙyallen da aka ɗaura ba ya isa, domin kwance shi ba wuya. Ta biyu ta ɓoye, wadda ke da maigida kaɗai kuka sani: a kankara wata alama da ƙusa a ƙarƙashin ƙarfen, inda ba a gani sai an kifa keken. Alamar fili tana sa ɓarawo ya wuce, domin abin da aka rubuta wa suna yana da wuyar sayarwa. Ta ɓoye ita ce shaidarki ranar da aka gan shi a hannun wani. In akwai waya mai hoto a gidan, a ɗauki hotonsa.

Ki nemi sarƙa da kwaɗo, irin na masu keken hawa. Kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da kuɗin keken. Sai dai a san yadda ake ɗaurawa. Mata da yawa a taya suke sa sarƙar, alhali tayoyin irin waɗannan kekuna da yawa danna maɓalli ɗaya ake yi su fita. Sai ki dawo ki tarar da taya da kwaɗonki suna jiranki. Ki zura sarƙar ta cikin ƙarfen jikin keken, inda ba shi da baki, ki zagaya ta da abin da ba ya motsi, kamar ginshiƙin rumfa, ko ƙarfen taga, ko itace. In keken mai naɗewa ne, ki naɗe shi tukuna sannan ki ɗaure, domin naɗaɗɗen keke ba ya turuwa, sai an ɗauka, mai ɗauka kuwa ana ganinsa. Makullin a bakin zanenki ko a igiyar wuya.

Ki kwashe kome daga cikinsa. Kwandon ƙarƙashin keke yana ruɗin mutum, sai ka ga an zuba waya, da kuɗin cefane, da katin zaɓe, da maganin maigida. Wani ɓarawon ma ba keken yake so ba, abin da ke ciki yake nema. 'Yar jaka guda mai rataya ta isa: kati, kuɗi, waya, ƙyallen tsuguno biyu, ruwan sha. Jakar a kafaɗarki, ta gabanki. Kada ki rataye jaka mai nauyi a hannun keke ko da kina tafiya, domin tana rinjayarsa ya tuntsura ta baya, kan yaro ya bugi ƙasa.

In kin isa

Abu na farko, ki ciro yaron. Ki goya shi, sannan ki juya ga keken. Kada ki bar yaro a keke a waje ko da na minti ɗaya ne, ko da barci yake, ko da kati kawai za ki miƙa ki dawo. Na san tayar da jariri mai barci ba daɗi, amma wanda ya tura keke da sauri ba lallai ya duba ciki ba. Ko babu ɓarawo, keke yana gangarawa in ba a taka birki ba, manyan yara suna wasa da shi, ƙuda da sauro suna samun yaron yadda suke so.

Akwai wata al'ada da nake so a bari. Uwa takan lulluɓe keken gaba ɗaya da zane mai kauri domin rana ko ƙura ko idon mutane. Iska ba ta shiga, zafi yana taruwa a ciki, jikin jariri kuwa yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ga shi ba ki ganin fuskarsa. In inuwa kike so, rumfar keken ko laima ta isa, a bar gefe a buɗe. Kuma keken da ya yi sa'o'i a rana, ki taɓa ƙarfensa da maɗaurinsa da bayan hannunki kafin ki mayar da yaro.

Ki ajiye keken inda idanu suke, kusa da mai gadi ko gaban benci da mata ke zaune. Lungun da kike ganin ya ɓoye keken, ɓarawon ma ya ɓoye shi. Ki gai da mai gadi, ki nuna masa alamar kekenki. Amma ki sani shi mutum ɗaya ne, yana buɗe ƙofa, yana nuna wa baƙi hanya, ana aikensa. Taimako yake yi, bai ɗauki lamuni ba.

Dabarar da na ga ta fi kowace aiki ba ta da tsada: ku zo ku biyu. Maƙwabciyarki da yaranku suke sa'a ɗaya, ku sa rana tare. In aka kira ɗaya, ɗaya tana waje. In kin zo da babbar 'yarki ko ƙanwar miji, ki zaunar da ita wurin keken, amma ba yarinya 'yar shekara shida ba, wadda za a ce mata "mamanki ta ce in kai mata keken ta baya" ta miƙa. Ki gaya wa mai tsaron a fili cewa ba ki aiko kowa ba, kuma ba za ki aiko ba.

Wannan ya kawo mu ga baƙuwar fuska mai yawan kirki. Za ki haɗu da mai cewa, "Kawo in riƙe miki yaron ki ɗaure keken," ko "Je ki karɓo maganin, ina nan." Yawancin masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma taimakon juna shi ne adon zaman layi. Ki yi godiya, ki bar ta ta riƙe miki laima ko ta tsare miki wuri. Yaro dai ba a ba wanda ba a san gidansa ba. In dole ne ki sauke shi, ki miƙa wa ma'aikaciyar jinya.

Katin ya fi keken tsada

Katin rigakafi, wanda wasu ke ce wa karne, 'yar takarda ce, amma tarihin yaronki ne a ciki. A nan aka rubuta cewa ranar haihuwa ya samu allurar tarin fuka da ɗigon shan inna. A nan aka rubuta na sati 6, da sati 10, da sati 14, wato allurar nan mai haɗe da magani biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. A nan za a rubuta na wata 9, ƙyanda da zazzaɓin shawara. Tun shekarar 2024 kuma ƙasarmu ta fara ba yara allurar zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, ita kuwa sau huɗu ake yin ta, ke nan zuwanki asibiti ya ƙaru, amfanin katin ma ya ƙaru.

Ban da allura, akwai layin nauyi. Kowane wata muna sa ɗigo inda nauyin yaro ya kai. Awo ɗaya ba ya gaya mana kome sosai. Sai mun ga ɗigon watan jiya da na shekaranjiya muke gane cewa yaro yana hawa, ko ya tsaya, ko ya fara sauka, tun kafin ido ya ga rama. In aka tura ku babban asibitin yara na Bangi, katin nan likita zai fara tambaya.

Saboda haka kati ba ya zama a aljihun keke. Ki sa shi a leda saboda ruwa da fitsarin yaro, ki sa a jakar da ke jikinki. Duk ranar da aka ƙara rubutu a ciki, a ɗauki hoton shafin da waya. Wadda ba ta da waya, ta sa ɗan makaranta ya kwafe mata ranakun a wata takarda ta ajiye a gida, cikin akwati.

In kuwa ya riga ya ɓata, ki zo. Muna da babban littafi da muke rubuta sunan kowane yaro da allurar da ya karɓa. Ki faɗa mana sunan yaro, da naki, da watan da kika zo, za mu duba mu yi miki sabo. In a wani gari aka fara masa, tabon allurar tarin fuka a hannunsa zai nuna mana wani abu, abin da kika tuna zai nuna mana saura.

In kin fito ba ki ga keken ba

Ki natsu. Kada kalmar "ɓarawo" ta fara fita daga bakinki. Mu mazauna wannan unguwa mun ga abin da taron jama'a yake yi cikin minti kaɗan, mun kuma ga irin waɗanda ake kawowa asibiti bayan an yi musu taron dangi. Wanda aka nuna da yatsa a bakin kasuwa ba ya samun damar yin bayani. In ya tabbata shi ne, keke bai kai ran mutum ba. In kuma ba shi ba ne, wa zai ɗauki wannan alhaki?

Sau da yawa ma ba sata ba ce. Wani lokaci mai shara ne ya matsar da shi. Wani lokaci hadari ya taso, mai gadi ya shigar da kekuna ƙarƙashin rumfa. Wani lokaci wata uwa ce, yaronta na kuka, ta kama keke mai kama da nata ta tafi, nata yana nan tsaye. Ki duba, in kin ga wani keke irin naki da ba mai shi, ki gaya mana. Daga littafin ranar za mu san waɗanda suka zo, a aika unguwarsu, a yi musanya cikin mutunci.

In an duba ko'ina babu, ki faɗa wa mai gadi da babbar ma'aikaciyar jinya nan take, da launinsa da alamar fili. Alamar ɓoye ki riƙe ta. Sannan maigida ya sanar da mai unguwa, in ya ga dama ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. In wani ya gan shi a kasuwa, kada ya kama kokawa da mai sayarwa, wataƙila shi ma saya ya yi. A je da dattijo ko shugaban 'yan kasuwar layin, a faɗi alamar ɓoye tun kafin a kifa keken, sannan a kifa a gaban shaidu.

Abu ɗaya kada ki yi: kada ki bar layi ki bi sawun keke alhali ba a yi wa yaron allura ba. Ki gama abin da ya kawo ki. In kin tafi, kwalbar da aka buɗe yau ba za ta jira ki ba.

Magana ga maigida, da mai ba da aro

Malam, in maiɗakinka ta dawo ba keke, ta riga ta sha baƙin cikinta a hanya. Asara ce, ba wanda ya ce ba asara ba ce. Amma hukuncin "ba ki ƙara zuwa asibitin nan" a kan ɗanka yake faɗawa. A watan Janairu na 2020 hukumar lafiya ta ƙasa ta sanar da annobar ƙyanda a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yara da yawa suka rasu. Ƙyanda tana iya zama cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma da ba su da rigakafi, tara za su kamu in sun zauna da mai ita. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, in ta shiga, ɗaki ɗaki take bi. Abin da ya fi, ka sayi kwaɗon, in kuma ka samu sarari ka raka ta. Ka zauna wurin keken, ta shiga da yaro.

Ke kuma Hajiya mai ba da aro, Allah ya saka miki. Ki ba da keken tare da sarƙarsa, ki faɗa wa baƙuwarki yadda ake naɗe shi, domin wadda ta zo daga ƙauye wataƙila ba ta taɓa riƙe irinsa ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. In ƙaddara ta faɗa, ki zama ta farko da za ta ce mata ta koma awo.

Wadda wannan abu ya riga ya same ta, har wata biyu ko uku suka wuce ba ta dawo ba, ta sani ba a sake rigakafi daga farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Yaron da ya samu allurar sati 6 kawai, ko yanzu yana wata bakwai, ta biyu za a yi masa, bayan sati huɗu a yi ta uku. Ki goya shi ki zo ranar awo mai zuwa da sassafe, ki ce wa ma'aikaciyar da ke bakin teburi katinki ya ɓata, za ta buɗe littafi.